Yadda ake samo madogara mai inganci kafin a rubuta furojet

Ɗan yayata yana aji huɗu a tsangayar aikin gona a Samaru. Wata Asabar ya zo min gida a Tudun Wada, ko ruwa bai sha ba ya zaro babi na biyu na furojet ɗinsa ya ajiye a gabana. Jan biro ta ko'ina, kamar an yanka kaza a kan takardar. A gefen kusan kowane sakin layi malamin da ke duba aikin ya rubuta tambaya ɗaya tak da Turanci, ma'anarta: in ji wa?

"Kawu, wallahi ba ƙirƙira na yi ba, duk a intanet na samo su."

Na ce masa ai nan gizo ke saƙar. Intanet kasuwa ce irin ta Sabon Gari, da mai kaya na gari da mai jabu duk rumfa gare su, kuma mai jabun ya fi iya kiran ciniki. Abin da malamin ke nema ba baƙo ba ne gare mu. Mun tashi muna jin malaman zaure suna cewa wannan hadisi ingantacce ne, wancan mai rauni ne, kuma hukuncin yana fitowa ne daga duba isnadi: wa ya ji daga wa, shi kuma daga wa, kuma mutanen nan amintattu ne ko kuwa. Binciken jami'a haka yake. Duk maganar da ka sa a kundinka, sai ka iya bin sawunta har ka kai ga wanda ya fara gani da idonsa ko ya auna da hannunsa. Ga matakan da muka bi da shi cikin mako uku, kuma za su yi wa ɗan kwalejin ilimi ko ɗan Nuhu Bamalli aiki kamar yadda suka yi masa.

Kafin ka taɓa waya, matse taken

Yawancin ɗalibai a nan suke faɗuwa. Taken yaron shi ne matsalolin noman tumatir a Nijeriya. Wannan ba take ba ne, daji ne. Ɗauki biro ka mayar da takenka tambaya guda wadda ke da wuri, da lokaci, da abin da za a auna. Da muka yi ta sassaƙa, namu ya koma: wace asara tsutsar tumatir ta jawo wa manoman rani na fadamun kewayen Zariya, kuma da me suke yaƙarta? Da tambaya ta matse, kai da kanka za ka riƙa gane maƙalar da ta shafe ka da wadda za ta cinye maka data a banza.

Sai kalmomin nema

Gaskiya ɗaya ce, mafi yawan binciken kimiyya da Turanci ake buga shi, don haka da Turanci za ka nema, kuma da kalmomin masana, ba na kan titi ba. Manoma suna kiran tsutsar nan sharon. In ka rubuta haka a injin nema ba za ka sami abin kirki ba. Sunanta na kimiyya Tuta absoluta, asalinta daga Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, kuma ita ce ta yi wa gonakin tumatir na Arewa kaca-kaca a 2016 har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Da muka sa wannan sunan tare da Nigeria, sai ga maƙalu sun zubo. A takarda ka jera kowace muhimmiyar kalma ta tambayarka, a ƙarƙashinta ka rubuta takwarorinta biyu ko uku. Duk maƙala mai kyau da ka samu, duba ƙasan tsakurenta, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkonta, za ka ga kalmomin da marubutan suka zaɓa da kansu. Ƙara su cikin jerinka.

Je laburare da ƙafarka

Na san ɗaliban da suka gama digiri ba su shiga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, babban laburaren jami'ar, ba sai lokacin jarrabawa, shi ma don neman kujera da fanka. Asara ce babba. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take tara littattafai da mujallu da kundayen digiri, kuma da yawa daga abin da aka rubuta game da ƙasar Zazzau babu shi a intanet sam. Ɗalibin shari'a ko harkar mulki yana da ɗakin karatu na Shugaba Kennedy a harabar jami'ar da ke Kongo, cikin Zariya. Ɗan aikin gona yana da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a bakin ƙofarsa, wurin da aka shafe shekaru aru-aru... a'a, kada in yi irin abin da nake hana ku, shekaru gommai ana gwajin iri da taki a ƙasar nan tamu. Ɗan tarihi kuwa sai ya haɗa da tafiya Kaduna, zuwa Gidan Arewa da ma'adanar tarihi ta ƙasa, inda takardun zamanin Turawa suke.

In ka shiga, kada ka yi ta yawo tsakanin kantoci kamar baƙon kasuwa. Nufi teburin tambaya, ka gaida ma'aikacin da ladabi, ka nuna masa tambayarka a rubuce. Ce masa, "Malam, a wane sashe zan sami mujallu a kan wannan, kuma waɗanne rumbunan intanet makaranta take da izinin shiga?" Tambaya ta biyun ta fi muhimmanci. Akwai wani shiri mai suna Research4Life da ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun da ake sayarwa da tsada: AGORA na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Duniya don harkar noma, HINARI na Hukumar Lafiya ta Duniya don likitanci da jinya. Ta hannun laburaren makaranta ake shiga irin waɗannan, haka ma JSTOR, wani rumbun mujallun ilimi na intanet. Ma'aikacin ne zai gaya maka wanne ke aiki a lokacin da yadda za ka shiga. In kuma ka sami littafi guda da ya dace a kanta, duba na damansa da na hagunsa, don bisa fanni ake jera su.

Kundayen digiri na biyu da na uku su ma taska ne. Jami'ar tana da rumbunsu a intanet mai suna Kubanni, sunan rafin da ya ratsa Samaru. Amma ga yadda ake cin moriyarsu: buɗe kundin, wuce kai tsaye zuwa manazarta a ƙarshe, ka kwashi sunayen ayyukan da marubucin ya dogara da su, ka je ka nemo su da kanka. Kundi jagora ne zuwa rijiya. Kwafe babinsa na biyu kuwa sata ce, kuma malamin da ke duba ka wataƙila shi ya duba wancan.

Yanzu ka buɗe waya

Bar Google na gama-gari, shiga Google Scholar, wanda ayyukan ilimi kawai yake tattarowa. Abubuwa huɗu za ka koya a cikinsa. Sa jimla tsakanin alamun zance in kana so ya nemo ta yadda take. Taƙaita shekaru daga gefe. Ƙarƙashin kowace maƙala akwai "Cited by", wanda zai nuna maka duk waɗanda suka ambace ta bayan fitowarta, kuma wannan ita ce hanya mafi sauri ta tashi daga tsohon aiki zuwa sabo. Sai "All versions", inda sau da yawa ake samun kwafin kyauta na maƙalar da aka ce sai ka biya dala talatin ko arba'in. In duk ya faskara, rubuta wa marubucin imel na layi uku, ka faɗi sunanka da makarantarka da taken aikinka. Da yawansu suna turowa, don ba su ke cin kuɗin ba, kamfanin ɗab'i ne.

Don binciken da aka yi a Afirka akwai AJOL, wanda ya tara mujallun nahiyar, har da na jami'o'in Nijeriya masu yawa. DOAJ jerin mujallun da ake karantawa kyauta ne, kuma sai an tace mujalla kafin a sa ta ciki. Ɗan likitanci ya riƙe PubMed, rumbun maƙalun fannin lafiya. ResearchGate da Academia.edu kuwa wuraren ajiya ne kawai, kowa na iya ɗora abin da ya ga dama, don haka samun abu a can ba shaida ba ce a kan ingancinsa.

Alƙaluma kuma a ɗauko su daga masu su: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, Babban Bankin Nijeriya, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ga tarko guda da ke kama ɗalibai kullum. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya ta 2006 ce, wadda ta ba da mutum miliyan 140 da ɗoriya. Duk adadin mutanen Zariya ko na jihar Kaduna da ka gani na bayan wannan shekara hasashe ne aka yi da lissafi. Ba laifi ka yi amfani da shi, amma ka rubuta cewa hasashe ne, ka kuma faɗi wanda ya yi shi.

Tantancewa, inda aikin yake

Ka tara maƙalu ashirin. Yanzu za ka zauna ka yi musu tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ka ji tausayin zubar da rabi.

Wa ya rubuta? Sunansa da wurin aikinsa suna nan? Fanninsa ne? Farfesan haɗa magunguna ba hujja ba ne a kan tarihin Zazzau don kawai yana farfesa. Shafin da babu sunan marubuci, babu kwanan wata, ka wuce shi.

A ina aka buga? Mujallar ilimi ta gaskiya tana tura kowace maƙala ga masana biyu ko uku na fannin su duba, su yi gyara ko su ce a yi watsi da ita, kuma wannan kan ɗauki watanni. Amma an sami 'yan damfara da suka mayar da abin sana'a: ka biya kuɗi yau, su buga maka jibi, ko da shirme ka rubuta. Wani ma'aikacin laburare Ba'amurke, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana jera sunayen irin waɗannan mujallu kafin ya rufe jerin a 2017, kuma har yau suna nan suna hayayyafa. Alamunsu ba sa ɓuya. Suna mai kumbura da ya haɗa kimiyya da injiniya da adabi da kasuwanci a mujalla ɗaya. Alkawarin bugawa cikin kwana uku ko mako guda. Turanci mai kurakurai a shafinsu na farko. Adireshin da ba a san inda yake ba. Ka duba kwanan da aka karɓi maƙalar da kwanan da aka amince da ita, yawanci suna shafin farko. In tsakaninsu kwana huɗu ne, babu wanda ya karanta ta. Sannan ka nemi sunan mujallar a DOAJ ko a shafin Scimago, wanda ke nuna mujallun da ke cikin Scopus, wani babban rumbu da ke jera mujallun da aka tantance. Sai dai a yi adalci: akwai mujallun sassan jami'o'inmu masu mutunci da ba sa cikin waɗannan jerin, musamman na Hausa da Larabci da tarihi. A nan sai ka duba hukumar editocin, ka kuma tambayi malaminka.

Yaushe aka buga? A likitanci da kwamfuta da yaƙi da ƙwari, aikin shekara goma sha biyar ya tsufa. A tarihi da adabi kuwa tsufa ba aibi ba ne. Littafin M. G. Smith a kan sarautar Zazzau ya fito tun 1960, har gobe ana komawa gare shi.

Yaya aka yi binciken? Yawancin ɗalibai tsakure kawai suke karantawa su kwashe. Buɗe sashen hanyoyin bincike. Manoma nawa aka tambaya, a waɗanne ƙauyuka, a wace shekara? Wanda ya tambayi mutum talatin a ƙauye ɗaya ba zai gaya maka halin manoman Arewa duka ba. Duba kuma wanda ya ba da kuɗin aikin. In kamfanin maganin feshi ne ya ɗauki nauyin gwajin maganinsa, karanta da ido biyu.

Ko babbar mujalla tana iya tuntuɓe. A 1998 mujallar Lancet ta Ingila ta buga wata maƙala da ta danganta wata allurar rigakafin yara da lalurar galahanga. An gano aikin na bogi ne, mujallar ta janye shi a 2010, amma har yanzu akwai masu yawo da shi. Saboda haka duk maƙalar da za ka ɗora ginin aikinka a kanta, buɗe shafinta na asali ka ga ko an manna mata sanarwar janyewa.

Bi isnadin har ƙarshe

Wannan ne matakin da na fi so, shi ne kuma wanda ya fi ba ɗan yayata haushi. A babinsa akwai jimla mai cewa kusan rabin tumatirin da ake nomawa yana lalacewa kafin ya kai kasuwa. Na ce in ji wa? Ya nuna min maƙala. Muka duba, ita ma daga wata ta ɗauko. Muka nemo waccan, ta jingina ga rahoton jarida. Rahoton jaridar kuma cewa ya yi masana sun ce. Nan sawu ya ɓace. Ban ce maganar ƙarya ce ba, amma a wannan silsilar babu wanda ya auna kwando ko ɗaya. Mutum biyar sun maimaita magana ɗaya, ba ta zama shaidu biyar ba.

Ɗan tarihi zai ga irin wannan a kan Sarauniya Amina. Shafuka da dama a intanet suna ba ta shekarar haihuwa a ƙarni na 16 da ta rasuwa a farkon na 17, ba tare da wata shakka ba. Amma Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambace ta ne a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato wajen 1421 zuwa 1438. Tazarar ta haura shekara ɗari. Ɗalibin kirki ba zai zaɓi wanda ya yi masa daɗi ya yi shiru ba. Zai rubuta cewa madogaran sun saɓa, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza, sannan ya faɗi wanda ya fi karkata gare shi da dalilinsa. Malamai suna ba da maki a kan irin wannan sakin layi fiye da shafi uku na kwashe-kwashe.

In da baki ka samo bayanin, daga dattijo a Birni ko manomi a Hunƙuyi, shi ma madogara ne, kuma wani lokaci babu kamarsa. Rubuta sunansa da shekarunsa da sana'arsa da wuri da ranar hirar, ka nemi izininsa kafin ka ɗauki murya. Tambaye shi ko da idonsa ya gani ko labari ya ji.

Wikipedia, ChatGPT da shagunan bakin geti

Wikipedia ba ta shiga manazarta, amma tana da amfani: karanta don ka fahimci batun, ka gangara ƙasa ka bi madogaran da aka jera. ChatGPT da 'yan'uwansa kuwa suna iya taya ka fahimtar abu mai wuya ko samo kalmomin nema, sai dai suna da hali guda mai hatsari. Suna ƙera madogara daga babu: sunan marubuci mai kama da gaske, take mai daɗi, mujalla da shekara da shafi, alhali aikin bai taɓa wanzuwa ba. Uku daga cikin manazartan ɗan yayata haka suke, mun neme su sama da ƙasa babu. Gwajin mai sauƙi ne. Kwafi taken ka sa a Google Scholar. In an ba ka lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala, wadda kullum take farawa da 10, sa ta a shafin doi.org ka ga ko za ta kai ka ga maƙalar. Abin da ba ka buɗe da idonka ba, kada ya shiga kundinka.

Shagunan da ke sayar da furojet gamamme ba sai na ja magana ba. Abin da suka sayar maka sun sayar wa goma kafin kai, kuma ranar kare kundi tambaya ɗaya za ta tona asiri.

Ajiye komai tun ranar farko

Sayi littafi mai arba'in ka keɓe shi. Kowace madogara shafinta guda: marubuci, shekara, take, mujalla, lambar juzu'i da ta fitowa, shafuka. A ƙasa ka rubuta abin da ta ce da kalmominka, bayan ka rufe maƙalar. In ka ɗauko jimlar marubucin yadda take, sa mata alamun zance da lambar shafi nan take, domin bayan wata biyu ba za ka tuna wacce ce taka wacce ce tasa ba, kuma ta nan satar fasaha ke shigowa ba da niyya ba. Mai kwamfuta ya sauke Zotero, kyauta ce, tana adana maƙalu kuma tana tsara manazarta da kanta. Tambayi sashenku tsarin rubuta manazarta da suke bi, APA ne ko MLA, kuma wane bugu. Google Scholar ma yana ba da manazarta a shirye in ka danna alamar zance a ƙasan maƙala, amma yakan yi kuskure a suna ko shafi, sai ka gwada da maƙalar kanta.

Fayilolinka kuma su zauna a wuri biyu, filasha da imel ɗinka. Waya tana faɗawa ruwa, ana kuma ɗauke ta a cikin a-daidaita-sahu tsakanin Samaru da PZ.

Manazartan ɗan yayata sun sauko daga arba'in da biyu zuwa goma sha tara, kuma kowacce ya karanta ta. Jimlar rabin tumatir ya cire ta, ya maye gurbinta da abin da manoman da ya yi hira da su suka gaya masa, da sunan ƙauye da wata. Da ya mayar da babin, malamin ya zagaye wuri biyu kawai da jan biro, ɗaya shekarar da ya rubuta 2061 maimakon 2016.